Maigida Ya Rasu Bai Bar Wasiyya Ba: Yadda Ake Rabon Gado Da Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani

Akwai wata magana da takan fito a gidajenmu da zarar an yi sadakar uku, baƙi sun fara watsewa, an naɗe tabarmin ƙofar gida. Wani babba a dangi zai yi gyaran murya ya ce, "To, marigayi dai bai bar wasiyya ba." Nan take gaban matar mamaci ya faɗi. Tana cikin takaba, ga yara ƙanana, ga kuɗin makaranta na tafe, kuma ba ta san ko wannan magana na nufin za a tashe ta daga ɗakinta ba.

Ki kwantar da hankalinki. Rashin wasiyya ba ya mai da dukiyar Musulmi ta zama ta wanda ya fi ƙarfi a dangi. Finafinai ne suka saba mana da ganin lauya ya zo da takarda yana karanta wanda aka ba gida da wanda aka hana. A shari'ar Musulunci, wadda kotunan Kano ke bi bisa mazhabar Malikiyya, Allah Ya riga Ya yanka wa kowane magaji kasonsa a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai in sauran magada sun amince. Don haka ko da takarda ko babu, tumuninki yana nan, rabon 'ya'yanki yana nan.

Abin da ke cin mata a wannan lamari shi ne rashin sani, da kunya, da jinkiri. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Shahuci ta shaida

Duk wadda ta tashi a cikin ganuwa ta san Shahuci da kotu. Tun 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a unguwar don horar da alƙalai da ma'aikatansu, kuma har yau akwai kotun shari'ar Musulunci a nan, inda ake kai ƙarar aure da bashi da gado. Littattafan da malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaure, irin su Risala da Muhtasar, duk suna da babin rabon gado.

Amma akwai wani tarihi da ya kamata kowace 'yar Kano ta sani. A 1923, Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa matan da suka mallaki gida suna ƙin zaman aure. Haka aka zauna shekara talatin da ɗaya, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke wannan hani, ya mayar wa mata haƙƙinsu, saboda halin ƙunci da tsofaffin mata marasa mataimaki suka shiga.

Shi ya sa har yau za ki ji wani dattijo ya ce "mace ba ta gadon ƙasa," ko a ba 'ya'ya mata 'yan kuɗi da zannuwa, maza su riƙe gida da gona. Wannan magana ba ta da gindin zama a shari'a, kuma fadar da ta kafa dokar ita da kanta ta janye ta tun 1954. 'Yarki tana da kaso a cikin kowane ɗaki, kowane shago, kowace gona da mahaifinta ya bari.

Kafin a raba komai

Ba a fara rabo sai an fitar da abubuwa huɗu, bi da bi.

Na farko, haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai. In marigayi ya ba da gona jingina, sai an warware da mai jinginar. Haka ma amanar mutane da ke hannunsa, ba dukiyarsa ba ce, a mayar wa masu ita.

Na biyu, kuɗin jana'iza: likkafani, haƙa kabari da makamantansu, daidai misali. Shinkafar sadakar bakwai da ta arba'in ba ta cikin wannan. In manyan magada suna son yi, su yi da nasu, ba da na marayu ba.

Na uku, bashi. A nan ki buɗe kunne da kyau, domin mata da yawa suna yafe haƙƙinsu a nan ba da son ransu ba. In akwai ragowar sadakinki da bai cika ba, bashi ne. In kin sayar da sarƙar gwal ɗinki kin ranta masa ya ƙara jari a Kantin Kwari, bashi ne. In kuɗin adashinki ne aka yi rufin kwanon gida da alƙawarin zai biya, bashi ne. Ana biyan ki wannan daga tsakiyar dukiya, sannan ki zo ki karɓi tumuninki daban. Sai dai kotu za ta nemi hujja: shaidu, ko rubutu, ko saƙon waya da shaidar tura kuɗi ta banki.

Na huɗu, wasiyya, in ya yi. Ba lallai sai ta zama a rubuce ba. In ya faɗa da baki a gaban adalai biyu, ta tabbata, muddin ba ta wuce sulusi ba.

Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne gado.

Kayanki ba gado ba ne

Gadonki da katifarki, kujerun da iyayenki suka kawo ki da su, kwanukanki, keken ɗinkinki, firjin da kike sana'ar ƙanƙara da shi in da kuɗinki kika saya, lefenki da gwalagwalanki, duk naki ne. Ba a sa su a lissafi. In aka yi jayayya a kan kayan cikin gida kuma babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a al'ada a bar wa matar bayan ta yi rantsuwa.

Kyauta kuma tana da sharaɗi mai tsauri. Sau da yawa mace kan ce, "Ai Alhaji ya ce filin nan na Rijiyar Zaki ya ba ni." In ya ba ki yana da lafiya, kika karɓi takardu, filin ya koma hannunki, akwai shaidu, to naki ne. In kuwa magana ce kawai ta tsakar dare, bai damƙa miki ba har ciwon ajali ya kama shi, kyautar ta ɓaci, filin ya koma cikin gado. Wannan shi ne dalilin da ya sa in maigida ya yi miki kyautar ƙasa ko mota, ki yi godiya, sannan ki lallaɓa a rubuta a sa hannu tun yana tsaye da ƙafarsa.

Wa ke da nawa

Mutum shida ba a taɓa hana su gado saboda samuwar wani: miji, mata, uba, uwa, ɗa da 'ya.

Mata tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, in mijin yana da ɗa ko 'ya, ko da ba ita ta haifa ba. In ba shi da haihuwa ko jika ta wajen ɗansa, tana da rubu'i, ɗaya cikin huɗu. In matan biyu ne ko uku ko huɗu, wannan kason za su raba daidai. Uwargidan shekara talatin da amaryar wata uku duk ɗaya ne, mai 'ya'ya goma da wadda ba ta haihu ba duk ɗaya ne.

Uwar mamaci tana da sudusi, ɗaya cikin shida, in akwai 'ya'ya. Uba ma haka. 'Ya mace ita kaɗai tana da rabi. In su biyu ne ko fiye kuma babu namiji, suna da biyu cikin uku. In akwai namiji a cikinsu, sai su kwashe duk abin da ya rage, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Malamai sun bayyana hikimar haka da cewa shi ne aka ɗora wa sadaki da ciyarwa da matsuguni, ita kuwa nata nata ne.

Ga abin da ya fi muhimmanci gare ki: in marigayi ya bar ɗa namiji, ko jariri ne na goye, to yayyensa da ƙannensa ba su da ko kwabo. Haka ma in mahaifinsa yana raye. Baffan yara yana da girma da haƙƙin zumunta, amma ba shi da kaso.

Mu buga misali. A ce mutum ya rasu ya bar gida da shago da kuɗi, an ƙiyasta duka naira miliyan 18. Iyayensa sun riga shi. Yana da mata biyu, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Jana'iza da bashi sun ci miliyan 2, saura 16. Matan za su ɗauki tumuni, miliyan 2, kowace miliyan 1. Saura 14 a kasa bakwai, domin kowane namiji kaso biyu ne. Kowane ɗa ya sami miliyan 4, kowace 'ya miliyan 2.

Misali na biyu, na wadda Allah Ya ba 'ya'ya mata zalla, wadda aka fi tsoratarwa. Mutum ya bar miliyan 24 bayan bashi, da mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya mata biyu, da ƙane ɗaya shaƙiƙi. Matar tana da miliyan 3, mahaifiya miliyan 4, 'ya'yan miliyan 16, kowace 8. Ƙanin ya ɗauki abin da ya rage, miliyan 1. Kin ga ke da 'ya'yanki kuna da 19 cikin 24. Wanda ya zo yana cewa gidan ya zama nasa tunda babu namiji, ki ce masa a je a buga lissafi.

Wani lokaci kason magada yakan fi ƙarfin dukiyar, sai a rage wa kowa daidai gwargwado. Malamai na kiran wannan auli. In mutum ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, tumunin matar yakan koma ɗaya cikin tara. Ba cuta ba ce, haka lissafin yake. Irin waɗannan mas'aloli ne suka sa ba kowane mai rawani ke rabon gado ba, sai wanda ya karanci fannin.

In ke ce kika riga shi

Mu ma muna da dukiya, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Mace ta rasu, kafin a yi bakwai 'yan'uwa sun rarraba atamfofi da sarƙoƙi "don tunawa," miji ya riƙe kayan ɗaki ya sa wa amarya. Duk wannan cin haƙƙi ne. Kayan mace gado ne har cokali.

Miji yana da rubu'i in tana da haihuwa, ko da 'ya'yan na wani mijin ne, rabi in ba ta da. A ce mace ta bar gwal da jari da zubin adashi, jimilla naira miliyan 1 da dubu 200, ga miji, ga mahaifiyarta, ga 'ya'ya maza biyu da mata uku. Miji ya ɗauki dubu 300, mahaifiya dubu 200, kowane ɗa dubu 200, kowace 'ya dubu 100. 'Ya'yan da ta haifa a gidan tsohon mijinta suna cikin wannan lissafi daidai da na gidan da ta rasu.

Ciki, takaba da saki

A wajen aikinmu na jinya mukan shawarci matar da mijinta ya rasu, in tana cikin shekarun haihuwa, ta yi gwajin ciki da wuri, ta kuma sanar da manyan dangi sakamakon. Dalili biyu ne. Takabar mai ciki tana ƙarewa ne da haihuwa, ta wadda ba ta da ciki kuwa wata huɗu da kwana goma. Sannan ɗan cikin magaji ne. A Malikiyya ana dakatar da rabo har a haihu, kuma jariri yana gado in ya zo da rai ya yi kuka. In kin haihu a asibiti, katin awo da takardar haihuwa hujja ce a hannunki. Zuwan ɗa namiji ɗaya yana iya canza lissafin gidan gaba ɗaya.

Muddin kina takaba, kina da haƙƙin zama a ɗakinki in gidan mallakar marigayi ne ko ya riga ya biya kuɗin hayar. Babu mai ikon tashin ki don ana son sayarwa.

Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu irin wanda ake kome, mijin ya rasu tana cikin idda, tana gado kamar ba a sake ta ba. Wadda kuma miji ya saka yana cikin ciwon da ya zama ajalinsa, Malikiyya ta ba ta gado ko da iddarta ta ƙare, don toshe ƙofar sakin mace saboda a hana ta rabo.

Waɗanda rashin wasiyya ke cutarwa

Akwai mutanen da suke cikin gida, suke cin tukunya ɗaya da mu, amma ba su da kaso. Agola ba ya gadon mijin uwarsa. Ɗan riƙo ba ya gadon wanda ya riƙe shi, ko da tun yana tsumman goyo aka kawo shi. 'Ya'yan 'yarki mace ba sa cikin masu kaso. Mafi ciwo, jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa ba sa gadon kakan in akwai baffansu a raye. Marayun da suka fi kowa buƙata su ne za su tashi hannu rabbana.

Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wani abu daga cikin sulusi ko da kakan bai faɗa ba. Mu a nan babu wannan tilas. Hanyar ita ce kaka ya yi musu wasiyya da bakinsa ko da alƙalaminsa, ko ya ba su kyauta su karɓa tun yana da lafiya. In kina da irin waɗannan yara a gidanki, wannan ita ce maganar da za ki yi da maigida ko da Baba, cikin ladabi, tun ba a kai ga gadon asibiti ba. Mun sha ganin mara lafiya yana son yin magana a daren ƙarshe, harshe ya riga ya yi nauyi. In kuwa an riga an rasu, manyan magada suna iya cire musu wani abu daga nasu kason don Allah.

Takardu, banki da fansho

Mu Kanawa mukan yi jana'iza cikin 'yan sa'o'i, kuma haka addini ya so. Amma a cikin gaggawar nan ake manta takarda. In a asibiti aka rasu, ki sa wani ɗanki ko ɗan'uwanki ya karɓi takardar likita mai nuna rasuwar. Da ita ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwa a karɓi shaida. In a gida ne, a fara da mai unguwa, a yi takardar rantsuwa a kotu. Banki da ofishin fansho ba sa sauraron kowa sai da wannan shaida.

Sunan da marigayi ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ba ya mai da mutum magaji. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. In sunan ƙaninsa ya sa tun yana saurayi, kuɗin ba na ƙanin ba ne. In sunanki ya sa, ba naki ke kaɗai ba ne. Banki yana sakin kuɗi ne in an kawo masa umarnin kotu ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha.

Kada ki ɗauki katinsa ki je na'urar cirar kuɗi, kada ki bari wani ya tura kuɗi daga wayarsa, ko da kin san lambar sirri. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin na magada ne duka. Abin da kika cira za a gani a takardar banki, kuma shi ne zai zama sandar dukanki. In akwai buƙatar abinci ko magani, a cira da sanin magada, a rubuta. Ki adana wayarsa da layinsa, domin yanzu 'yan kasuwa da yawa kuɗinsu na cikin OPay ko Moniepoint, kuma basussukan da suke bi suna cikin WhatsApp.

In ma'aikaci ne da ke ƙarƙashin dokar fansho ta tarayya ta 2014, akwai abin da ya tara a asusunsa na fansho, sannan dokar ta wajabta wa wurin aiki yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, ba sa nema. Ma'aikatan gwamnatin Kano kuma suna da nasu asusun fansho na jiha. A je wurin aikinsa a tambaya a rubuce.

Gida ko kotu?

Ba dole ba ne a je kotu. In magada sun yarda da juna, ana iya kiran malami masanin gado, da mai unguwa, da dattawan ɓangaren uba da na uwa, a lissafa komai, a kira masu sanin farashi su ƙiyasta, a raba, a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Ki tabbata kina wurin, ko wakilin da ke kika zaɓa, mahaifinki ko yayanki. Takaba ba ta hana ki jin abin da ake yi da dukiyar 'ya'yanki.

In akwai marayu ƙanana, ko dukiya mai yawa, ko an fara ɓoye-ɓoye, kotu ta fi. Kowane magaji yana da ikon shigar da ƙara, har ke. Alƙali zai nemi shaidun mutuwa da na magada, a kawo jerin dukiya, a saurari masu bin bashi, a tura a ƙiyasta gidaje da filaye, sannan a raba a ba da takarda. Akwai kuɗin kotu, ki nemi rasit a kan duk abin da kika biya. In ba ki gamsu da hukunci ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta sama, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba shari'o'in gado da wasiyya da kyauta na Musulmi. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka ba a jinkiri. Mai ƙaramin ƙarfi tana iya fara kai kukanta Hisbah don sulhu, ko ta nemi taimakon ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar gwamnatin tarayya mai ba talakawa lauya kyauta.

Game da kason yara, a Malikiyya wanda uba ya naɗa wasiyyi shi ke kula da dukiyar marayu. In bai naɗa ba, alƙali ne ke naɗawa, kuma ana iya naɗa uwa. Zama baffa kaɗai ba ya ba mutum wannan iko. Duk wanda aka damƙa wa, a rubuta abin da ya karɓa, ya riƙa ba da lissafi, ya miƙa wa yaro in ya girma ya yi hankali.

Gidan gado

Ki zaga Shahuci da maƙwabtanta, za ki ga gidajen ƙasa da zaurensu ya tsage, katanga ta zube, kowa na cewa "gidan gado ne." An ƙi rabawa ne tun farko don kunya ko don a riƙe zumunci. Sai magaji ya rasu, kasonsa ya koma kan matansa da 'ya'yansa, wani ma ya rasu. Gidan da mutum shida za su raba ya zama na mutum sittin, shaidu sun mutu, babu mai gyara rufi domin ba na kowa ba ne. Damina ta zo ta raba musu.

Jinkirin rabo ya fi kashe zumunci a kan rabon. In gida ba zai rabu ba, ana yi masa kuɗi, masu hali a cikin magada su sayi kason sauran, ko a sayar a raba kuɗin. In wani ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da baren ya biya su karɓe. Kuma rabo ba ya nufin watsewa. Ana iya sanin kason kowa a takarda, a ci gaba da zama tare.

In dangi suka ce ki yafe kasonki ko 'yarki ta bar wa yayyenta maza, ki sani yafiya tana inganta ne in mutum baligi ne, ya san adadin abin da yake yafewa, kuma ba a matsa masa ba. Kason yaro ƙarami kuwa babu mai ikon yafe shi, har ke da kika haife shi.

Abin da za ki yi tun yau

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sami littafi ɗaya ki rubuta abin da kika mallaka, wanda kike bi da wanda ke bin ki, har zubin adashi da sunan uwar adashin. Ki adana takardar aurenki, takardun haihuwar yara da rasit ɗin manyan kayanki a wuri ɗaya. In kin ranta wa maigida kuɗi masu kauri, ki tura ta banki ko ki sa a rubuta, ba don rashin yarda ba, don ranar da ɗayanku ba ya nan.

Sannan ki nemi lokacin da ransa ke sanyi ki tambaye shi: takardun gida suna ina, bankuna nawa yake da su, wa yake bi, wa ke bin sa, wa yake so ya kula da yara. In ya ce kina yi masa fatan mutuwa ne, ki ce masa ke ma ga naki littafin, ki fara miƙa masa. Yawancin maza in suka ga haka sukan sauko.

In kuma kina cikin takaba yanzu kike karanta wannan, Allah Ya jiƙan maigida, Ya ba ki haƙuri. Ki ci abinci, ki riƙa auna jininki, ki sami 'yar'uwa ɗaya da za ki riƙa faɗa wa damuwarki. Neman haƙƙin 'ya'yanki ba rashin kunya ba ne, amana ce aka bar miki. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mu da cin dukiyar maraya.